Baba Sheƙi da Motar Surukinsa

In kana so ka ɓata wa Baba Sheƙi rai da sassafe, ce masa mai wankin mota. Zai ajiye tawul ɗin da ke hannunsa, ya dube ka sama da ƙasa, ya ce wanki na masu bokiti ne a bakin titi, waɗanda ke watsa wa mota ruwa su murje ta da tsumma ɗaya tun daga taya har gilashi. Shi gyaran jikin mota yake yi, ciki da waje. Kuma da gaskiyarsa, duk da dai wani lokacin bakin nasa ya fi aikin ƙyalli. Motar da ta fito daga hannunsa, mai ita kan tsaya ya sake duba lamba kafin ya shiga.

Kada ya ji na faɗa, amma shi ma a bakin titin ya fara. Yana saurayi yana wanki a ƙarƙashin wani, hannu kullum a jiƙe, ƙafa duk faso. A nan ya lura masu manyan motoci su suka fi ƙin jira. Mutum zai zo da kwat da nakatai, ya ɗosana a benci yana duba agogo, kafin a gama ɗauraya ya ce a bar ta haka, ana jiransa a ofis. Sheƙi ya ce a ransa, to me zai hana a bi shi ofishin? Motar nan fa tun safe har yamma a ajiye take, ba ta tsinana komai. Da hali ya samu sai ya sayi wata tsohuwar ƙaramar bas, ya cire kujerun baya, ya ɗaure tankin ruwa da ɗan janareta, ya jera injin zuƙar ƙura da na goge fenti, ya shiga bin harabar ofisoshi. 'Yan'uwansa suka ce zai dawo da ƙafarsa. Yanzu furfura ta cinye gemunsa, bai dawo ba.

Irin wuraren nan ne masu dogayen gine-ginen gilashi, da filin ajiye motoci da aka ja wa layi da farin fenti, da mai gadi a ƙofa yana ɗaga sanda yana saukewa. Kowace haraba da ranakunta a wurinsa. Kafin ma'aikata su iso ya riga ya kafa bas ɗinsa a gefe, ya buɗe ƙofar baya, ya tsaya da hularsa a karkace. Masu shiga ofis sukan miƙa masa makulli ba tare da sun rage tafiya ba, wani ma waya na kunnensa. Ya karɓa, ya rataye a jikin wani katako mai ƙusoshi da ke cikin bas. Bai taɓa rubuta wane makulli ne na wa ba, kuma bai taɓa musanyawa ba.

Yana da tsarinsa, ba kuma ya son a taɓa masa shi. Kafin ya ja kujera baya don ya share ƙarƙashinta, sai ya yi wa ƙarfen da take gudu a kai alama da alli, don ya mayar da ita daidai inda mai ita ya bar ta. Ramukan iskar esi, wato na'urar sanyaya mota, da buroshin haƙori yake bin su. Tawul ɗinsa kala-kala ne: shuɗi na gilashi, rawaya na fenti, baƙi na taya, kuma in tawul ya faɗi ƙasa ya gama aiki a ranar. Duk abin da ya tsinta a mota, ɗan kunne ne, ƙwayar magani ce, tsinken sakace ne, sai ya zuba a farar leda ya ƙulle ya ajiye a kujerar direba. Ba ya tambaya, ba ya murmushin da zai sa mutum ya tsargu.

Wannan shirun shi ne jarinsa na gaske, ya fi janareta. Mutumin da ya kwashe shekaru yana leƙa ƙarƙashin kujerun mutane ya san wanda ke shan sigari a ɓoye, da wanda likita ya hana zaƙi amma aljihun ƙofarsa cike da takardar alewa, da wadda ke kuka a mota kafin ta hau bene. Ko ɗaya bai taɓa fita daga bakinsa ba. Matarsa, wadda ita ke wanke tawul ɗin nan kowace kala a nata baho, har ta gaji da zungurarsa.

"Malam, shekara da shekaru ina wanke maka tsummokara, ko 'yar gulma ɗaya ba ka taɓa kawo min tsaraba ba."

"Ba tsummokara ba ne, tawul ne," yakan ce. "Kuma abin da na gani a mota, na mota ne."

"Ai sai ka auri motar."

'Ya'yansu duk sun watse neman na kansu, sai Auta, mace ɗaya tilo, ita ce ke aure a kusa. Mijinta akanta ne a wani kamfanin inshora da ke hawa na sama a ɗaya daga cikin harabobin da Baba Sheƙi ke aiki. Kafin ya zama suruki ma mai ba da makulli ne. Lokacin da ya fito neman Auta, kawunnanta suka ce a yi bincike. Baba Sheƙi ya ce a hutar da kai, shi ya gama nasa tuntuni. Yaron da ke goge takalmi kafin ya shiga motarsa, wanda ba a taɓa tsintar komai a ƙarƙashin kujerarsa ba sai murfin biro, ba zai wulaƙanta mace ba. Haka aka yi auren, kuma zaman ya yi daɗi. Tun daga nan ba ya kiransa komai sai Akanta, motarsa kuma ita yake fara yi, ba ya karɓar ko sisi.

Cikin Auta ya fara tsufa lokacin da motar ta fara canza hali. Akanta dai yana nan yadda yake. Duk ranar da Baba Sheƙi ke harabar zai iso da guga a jikinsa, ya rusuna ya gaida shi, ya miƙa makulli, ya nufi ƙofar gilashi kamar kowa. Amma rufin motar ya fara zuwa da ɗigon ɗanƙon bishiya, irin mai kama fenti kamar cingam. A duk harabar bishiya ɗaya ce ke zubar da wannan ɗanƙon, tana can ƙarshen fili bayan tankin ruwa, inda ba ma'aikacin da ke ajiye mota saboda nisa. Baba Sheƙi ya goge. Mako ya zagayo, ɗanƙo ya dawo.

Sai kuma ciki. Ƙarfen kwantar da kujerar direba, wanda da ƙura ke kwanciya a kansa, ya yi sumul saboda yawan taɓawa. Maiƙon kai ya sauko daga matashin kujera zuwa inda kan mutum ke kaiwa in ya kishingiɗa. A saman dashbod, gefen sitiyari, ga shatin dunduniyar safa. Motar kuma ta daina ƙanshin mai zuwa ofis, ta koma warin ɗakin da aka wuni a ciki da taga a rufe. Baba Sheƙi ya tsaya da buroshi a hannu. Bai san dalili ba, amma ya san wani na wuni a cikin motar nan a ranakun da shi ba ya zuwa.

Ba da niyyar bin diddigi ya je ba, wannan zan iya rantsuwa a kai. Wata haraba ce aka rufe ƙofarta ana zuba sabuwar kwalta, sai ya juya bas ya nufi ta su Akanta a ranar da ba tasa ba. Mai gadi ya ɗaga masa sanda yana tsokanarsa wai yau tsoho ya yi ɓatan kai. Wajen hantsi, da ya gama motar farko, ƙafarsa ta kai shi bayan tankin ruwa.

Motar na nan a ƙarƙashin bishiyar. Kujera a kwance, kwat a rataye a baya don kada ta yamutse, nakatai a naɗe a kan dashbod. Akanta na kishingiɗe da waya a ƙirji, ido biyu, yana kallon rufi. Da ya ga inuwar mutum a gilashi ya zabura, da ya gane ko waye sai ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ya fito da safa ba takalmi, ya durƙusa a kan kwalta.

"Tashi, ka ɓata wando," in ji Baba Sheƙi.

Bai tashi ba. A durƙushen ya faɗi komai. An haɗe sashensu da wani, aka rage mutane, sunansa na ciki. Takardar da ke manne a gilashin motar ce har yanzu take shigar da shi harabar. Yana wuni a nan yana buga waya yana neman wani aikin, ranakun da Baba ke zuwa kuma sai ya ba da makulli, ya shiga ta ƙofar gaba ya fice ta baya, ya je ya zauna a tashar bas har yamma.

"Baba, don girman Allah kada ta ji. Likita ya ce jininta na hawa. Ina samun wani aikin zan faɗa mata da bakina, in haɗa mata labaran biyu lokaci ɗaya."

Baba Sheƙi ya dube shi. Haushi ya ji, da tausayi, kuma tausayin ya fi yawa. Ya san abin da ake ji in namiji ya fita da safe ba shi da wurin zuwa. Sai ya ba da amsar da ya saba ba kansa tsawon rayuwarsa, yana jin ya yi abin da ya dace.

"Ni mota na gani. Abin da ke cikinta ba nawa ba ne. Amma ka daina ajiye ta a nan, ɗanƙon nan zai cinye maka fenti."

Akanta bai daina ba, don ba shi da wani wurin ɓuya. Baba Sheƙi ya ci gaba da karɓar makulli, yana goge ɗanƙo, yana mayar da kujera kan alamar alli. Har ya fara jin kansa wani babba a cikin lamarin, mai riƙe gidan 'yarsa da shirunsa. Ko matarsa bai faɗa wa ba, ita kuwa ta lura ya rage santi a kan abinci, ta ce ko wata motar ce ta yi masa yaji.

Wani ƙarshen mako Auta ta zo gida wuni. Ƙafafunta sun kumbura, ta zauna a tabarma ta jingina da bango tana taya uwarta ninke tawul. Baba Sheƙi na gefe yana warware wayar injin goge fenti. Can, ba tare da ta ɗago ba, ta ce, "Baba, kai da kake ganinsa a wurin aiki, lafiya dai yake ko? Na ga kwanan nan ya yi shiru."

"Lafiya lau. Motarsa ma jiya na yi ta."

"Aikin ne ya yi masa yawa ke nan."

"Aikin ofis ai haka yake," ya ce, ya ci gaba da warware wayar da ta riga ta warware.

Ta dube shi ɗan lokaci, ta ce to, ta ɗauki wani tawul ɗin. Shi kuwa har ya yaba wa kansa a zuci, wai bai yi ƙarya ba, motar dai ya yi ta jiya. Dattijo da furfurarsa yana wasa da magana kamar ɗan makaranta, kuma yana ganin dabara ce.

Kwanaki suka shuɗe. Ranar da abin ya zo, yana tsugune yana shafa wa tayar wata baƙar mota mai, sai mai gadi ya ƙwala masa kira wai yana da baƙuwa. Ya ɗago, ga Auta tana tahowa a hankali tsakanin motoci, hannu ɗaya a ƙugu, rana na dukanta. Ba ranarsa ba ce a harabar, musanya ya yi da wata, kuma uwarta kaɗai ta san haka. Ya yi sauri ya sauko mata da kujerar roba daga bas, ya sa a inuwa.

"Ke da wannan nauyin, me ya fito da ke? In shi kike nema, ai yana..."

Ya ɗaga hannu zai nuna bene, hannun ya tsaya a hanya.

"Ƙarasa mana, Baba," ta ce. "Yana ina?"

Ya sauke hannun. Ta zauna, ta goge zufa da bakin mayafi. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ba halinta ba ne.

"Mutumin da ke wuni a cikin esi ba ya dawowa da ƙurajen zafi a wuya. Ni ke wanke rigunansa, bayan duk a jiƙe yake dawowa, gaban kuma gugar tana nan. Da can in ya shigo sai na toshe kunne da labarin shugabansa, yanzu ko sunan ofis ba ya kamawa. Tun makon farko na sani."

"To me ya hana ki..."

"Jira nake ya faɗa min. Kullum sai in zuba masa abinci a kula in ce a gaida mutanen ofis, ya ce za su ji. In ya fita in rufe ƙofa in yi kukana. Ranar da na tambaye ka a gida, ba labari nake nema ba, Baba. So nake in samu mutum ɗaya da zan daina yin kamar ban sani ba a gabansa. Sai ka ce min ka yi motarsa jiya."

Maganar ta shige shi har ƙashi. Ya laluba abin da zai kare kansa da shi, ya samo wanda ya saba.

"Amana ce, Auta. Roƙona ya yi. Kin san ni, abin da na gani a motar mutum..."

"Na sani. Duk garin nan an sani. To ni amanar wa ce?"

Baba Sheƙi ya dubi baƙin tawul ɗin da ke hannunsa. Sai a lokacin ya ga abin da ya yi. Ya ɗauki surukinsa a matsayin mai ba da makulli, ya ɗauki 'yar cikinsa a matsayin matar wani da ta zo bugun ciki. Dokar da ta ciyar da gidansa shekara da shekaru ita ya ɗauko ya rufe wa 'yarsa ƙofa da ita, tana ɗauke da ciki da hawan jini, ita kaɗai. Kunya ta kama shi, irin wadda bai ji ba tun yana yaro.

"Na yi kuskure," ya ce. "Ki yafe wa tsohonki."

Ta share ido. "Ba faɗa na zo yi da shi ba. Na gaji ne da zama da baƙo a ɗaki. Ka nuna min inda yake."

Bai tsaya shawara da kowa ba. Ya naɗe tiyo, ya rufe ƙofar baya, ya kama hannunta ya taimaka mata ta hau gaban bas. Baƙar motar ya bar ta da taya ɗaya mai sheƙi, sauran a bushe, abin da bai taɓa yi ba. Suka bi ta tsakanin layukan motoci a hankali har ƙarshen fili, suka zagaya tankin ruwa.

Akanta na ciki, yana cin abincin kular da ta zuba masa da safe. Ya ga bas, ya ga wadda ke gaba, cokalin ya tsaya a iska. Ya kai dubansa ga surukinsa. Baba Sheƙi bai kawar da kai ba, ya gyaɗa masa kai sau ɗaya, alamar e, ni na kawo ta. Auta ta sauka da kanta, ta zagaya, ta buɗe ƙofar gefen mai zaman banza ta shiga, ta ja ƙofar.

Baba Sheƙi ya ɗaga kai ya dubi benen. Gilashi ne tun daga ƙasa har sama, kuma ya san mutanen da ke bayansa, ya san lokacin cin abinci ne, lokacin da suke tsayawa a taga da kofi a hannu suna kallon fili. Tsofaffin abokan aikin yaron ne. Ya ja giya, ya yi gaba ya yi baya, ya gindaya bas ɗin a tsakanin motar da benen har ta rufe ta ruf. Ya sauko ya ja igiyar janareta, ya kunna injin zuƙar ƙura, ya juya wa motar baya, ya shiga share cikin bas ɗinsa. Ƙarar ta cika wurin. Ko shi da ke kusa ba ya jin komai, kuma haka yake so.

An jima sai ga mai gadi ya taho yana toshe kunne ɗaya.

"Baba, na sama sun bugo waya, wai ƙarar ta yi yawa. Motar wa kake yi a nan ne?"

"Ta gida ce."

"To in ce musu yaushe za ka gama?"

Baba Sheƙi ya goge idonsa da bayan hannu, ya gyara zaman hularsa, ya matsa ya tare ɗan sararin da ya rage tsakanin bas da tanki.

"Ka ce musu su yi haƙuri, aiki ne babba. Sai an gama."